Daminar da Na So Koya wa Ladi Karatu

Bana ruwa ya makara a Paraku. Hadari yakan haɗu ta gabas da la'asar, ya yi baƙi har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi, a bar mu da zufa da warin kwata. Shekaranjiya na hau zemijan, babur ɗin haya, na je kasuwar Arzeke neman doya. Duk wadda na ɗaga tsohuwa ce, ta bushe ta fara tsiro, tsadarta kuwa ba a magana. Na haƙura na auno garin rogo. A hanyar dawowa unguwarmu Banikanni muka wuce wata mata ta baza 'ya'yan kaɗanya a faranti, ƙudaje na bin su. Ƙanshin nan nasu, mai zaƙi da ɗan tsamin abin da ya fara lalacewa, ya biyo ni har gida. Tun ranar raina yake Kolokonde, a wata damina da ta wuce shekara talatin ko kusa da haka.

Mu ba manoma ba ne. Kakannin maigidana fataken goro ne, sun zauna Jugu tun zamanin da ake tafiya da jakuna. Ni ma a Jugu aka haife ni, a gidan da ba a ɗaukar fartanya sai in ciyawa ta fito a tsakar gida. Da darajar kuɗin sefa ta karye, cinikin goro ya fi ƙarfin maigidana Malam. Ya yi ta lallaɓawa har abin ya ƙi. Daga ƙarshe wani dattijo ɗan ƙabilar Yom, wanda yakan sauka gidanmu ranar kasuwa, ya ba shi aron gona a Kolokonde da ɗakuna biyu na ƙasa. Muka kwashe da kaka, mu biyar: ni da Malam, da mahaifiyarsa da muke kira Nna, da Bashiru yana goye, da 'yata ta fari, wadda nake kira Ladi don ranar Lahadi aka haife ta.

Shekarar Ladi bakwai a lokacin. Mai surutu ce tun tana ƙarama. In ta fara ba ki labarin akuyar maƙwabta, sai tuwo ya huce ba ta kai ƙarshe ba. Malam ya sa ta lakwal, makarantar bokon ƙauyen, ta yi wata biyar tana dawo mana da waƙoƙin Faransanci da ba ta san ma'anarsu ba. Da bazara ta yi tsanani, lokacin da ko ƙadangare ba ya yarda ya taka dutse da rana, sanƙarau ya shigo yankin. Ranar Talata ta ce kanta na ciwo, ranar Laraba wuyanta ya sandare. A bayan motar auduga muka kai ta asibiti a Jugu. Yara biyu da aka kwantar kusa da ita ba su fita da ƙafarsu ba, don haka ranar da aka sallame mu godiya kawai nake yi. Ba ta amsa kira, amma mun ɗauka rashin ƙarfi ne.

Sai da muka koma gida na gane. Ina daka a bayanta, taɓarya ta suɓuce mini ta faɗi kan kwanuka, ƙarar ta tashi Bashiru da kuka. Ladi ba ta waiga ba. Can ta juyo ta gan ni ina jijjiga shi. Ta dubi bakinsa a buɗe, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce da murya mai ƙarfi fiye da yadda ta saba, "Inna, me ya sa kukansa ba ya fitowa?"

Da ta ji sauƙi muka mayar da ita lakwal. Mako biyu aka yi, malaminsu ya zo gida a kan kekensa. Kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, mutumin kudu ne, dogo, mai magana a hankali. Ni na yi shekara uku a lakwal a Jugu kafin a cire ni, don haka da guntun Faransancina da guntun yaren Dendi da yake ji muka fahimci juna, ina juya wa Malam.

"Madam, ba korar ta nake yi ba," ya ce. "Ajin ya cika, kuma ni kaɗai ne. In na juya ina rubutu a allo, ba ta san ina magana ba. Yara suna zuwa ta bayanta suna ihu don su ga ko za ta juyo."

"To yaya za a yi?" in ji Malam.

"Akwai makarantar kurame a kudu, bakin teku. Can yara suke kwana."

Malam ya sunkuyar da kai. A lokacin ko kuɗin motar Jugu sai mun yi tunani. Nna ce ta amsa daga bakin ƙofa, ta ce, "Yarinyar da ba ta ji, a kai ta cikin mutanen da ba su san ta ba? In an yi mata wani abu, wa za ta gaya wa?" Ba a sake tayar da maganar ba.

Mushe ya kwance jakarsa ya ba ni abin da yake da shi: littafin koyon baƙaƙe wanda bangonsa da shafukan farko suka ɓalle, da rabin allon dutse, da alli biyu. Ya ce, "Ki yi sauri, Madam. Yanzu tana tuna sautin magana. In ta haɗa baƙaƙe da sautin da ke cikin kanta kafin ya gushe, za ta yi karatu, za ta rubuta muku abin da take so. In ya gushe, ban san wata hanya ba."

Na ce, "Wata nawa ke gare mu?"

"Ban sani ba. Ban taɓa koyar da kurma ba."

Ruwan farko ya sauka bayan zuwansa da 'yan kwanaki, ƙasa ta yi ƙanshi, kowa ya fita shuka. Kunyoyin doya tun zuwanmu mutanen gari suka yi wa Malam gayya, amma doya sai ta yi watanni a ƙasa kafin a gan ta. Masara muke sa rai ta fara ceton mu. Ta fito, ta kai tsawon yatsa, sai sama ta rufe bakinta mako uku. Ganyen ya nannaɗe kamar allura, ya yi fari, ya kwanta. Da ruwa ya dawo babu iri, sai Malam ya ɗebi na ci daga buhu ɗaya da ya rage mana ya sake shukawa. Hannunsa, da ya saba da ganyen naɗe goro mai laushi, ya yi ƙuraje ya fashe, yana ɗaure shi da tsumma yana komawa. Daga nan tuwo ya koma sau ɗaya a yini.

Kwanakin duk iri ɗaya suke. In na yi sallar asuba in goya Bashiru, in bi matan ƙauye daji tsintar kaɗanya, kafin shanun Fulani su riga mu. Raɓa takan jiƙa zane har ƙugu, muna buga ciyawa da sanda saboda macizai. Naman kaɗanyar shi ne karin kumallonmu. A ci a daji, a kawo wa na gida, har harshe ya yi kauri ciki ya riƙa ƙugi. In na dawo da hantsi in dafa ƙwallayen, in shanya su, in dama garin ɗorawa in kai wa Malam gona. In tsinko tafasa a hanya don miyar yamma. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da Nna ke gyangyaɗi kuma jikina ke roƙon tabarma, shi ne lokacin karatun Ladi.

Allin Mushe bai yi mako ba ya ƙare. Muka koma gawayi da bangon ɗakin girki, da yatsa a kan ƙasa, da ƙwallayen kaɗanya da nake jerawa su yi siffar baƙi. Duk abin da ke da rubutu a gidan na tara: gwangwanin tumatir, kwalin sukari, yagaggen buhun taki da na tsinta a hanya.

Da sunanta na yanka na fara, don Mushe ya ce haka ake yi. Na rubuta shi manya a bango, na nuna rubutun, na nuna ƙirjinta. Ta ɗaga kafaɗa. Dole in faɗa ta ga bakina. Shekara bakwai ban taɓa kama sunan nan ba, kamar yadda uwata ba ta taɓa kama na yayanmu ba. Na waiga, na rage murya, duk da na san ba don ita nake ragewa ba, na ce, "Sa-ki-ra-tu." Nna ta yi tari a cikin ɗaki. Sai ta ce, "Faɗi, Ramatu. Kunya ta masu lafiya ce." Ladi kuwa dariya ta kama ta, ta rufe baki da hannu, don ta gane abin da na faɗa kuma ta san ba na faɗa.

Wannan ranar ce mafi daɗi a duk daminar. Bayanta abin ya yi ta nauyi.

Kwafar rubutu ba ta ba ta wahala ba. Hannunta ya fi nawa kyau. In na zana baƙi, sai ta zana shi ya fi na littafi tsabta. Haɗa shi da sauti ne ya gagara. In ce ba, ta ce ma. In ce ma, ta ce ba. Na ɗauko guntun madubin Nna muka zauna kafaɗa da kafaɗa, sai na ga da idona cewa leɓe iri ɗaya yake yi a duka biyun. Ka da ga kuwa can ciki suke, ba abin da ido zai gani. Na riƙa ɗora yatsunta a maƙogwarona da hancina ta ji motsi. Wani lokaci ta dace, in yi murna. Gobe in tarar babu komai, kamar an zuba ruwa a rairayi.

Littafin ma ya zama mana tarko. A shafi akwai hoton kaza. Ladi ta nuna ta ce, "Kaza." Ni kuma in nuna mata baƙaƙen da ke ƙasa, alhali ba kaza aka rubuta ba, sunanta ne da Faransanci, kalmar da kunnen yarinyar bai taɓa riƙewa ba. Yaya zan gaya mata? Na je wurin Mushe na tambaye shi ko akwai irin littafin da Hausa ko Dendi. Ya ce bai taɓa gani ba. Malam ya ce a gwada ajami, ya zauna da ita yamma biyu, ya ga inda na tsaya nan shi ma ya tsaya, ya tashi yana share ido da hannun riga.

Sai na ajiye littafin na fara rubuta namu kalmomi da baƙaƙen lakwal, yadda kunnena ya ba ni. Na rubuta ruwa a jikin randa, turmi a jikin turmi, ƙofa a ƙofa. Kullum in zagaya da ita tana taɓawa. Wata yamma Malam ya dawo daga gona ya zube a tabarma. Na rubuta ruwa a allo na nuna mata, ban motsa baki ba. Ta duba, ta tashi, ta ɗebo ruwa a moɗa ta kawo wa babanta. Malam ya riƙe moɗar bai sha ba. Ya ce, "Ramatu, karantawa ta yi?" Na ce, "Ka gani da idonka." Ranar Nna ta fito da ragowar busasshen kifin da take ɓoyo ta sa a miya.

Kwana uku bayan haka na so ta miƙo mini ganyen da na tsinko, na rubuta rama. Ta kawo ruwa. Na rubuta rogo. Ta kawo ruwa. Na zana baƙaƙe huɗu da ba su nufin komai, na farkon dai irin na ruwa. Ta tashi da saurinta ta nufi randa, tana waige tana murmushi, tana jiran in yaba mata. Na karɓi moɗar na sha. Ban gaya wa Malam ba sai bayan shekaru.

A wannan tsakanin muryarta ta fara canjawa. Ƙarshen kalmomi ya riƙa faɗuwa. Ta ce "tu" maimakon tuwo, "Bashiru" ya koma "Bashi". Wani lokaci ta yi ihu tana zaton raɗa take yi, mutane su juyo, ta ga fuskokinsu ta yi shiru. Kowane mako maganarta na raguwa, ni kuma ina ƙara matsa mata.

Sai ruwan tsakiyar damina ya zo, wanda muka yi ta roƙo, ya zo ya ƙi tafiya. Kwana bakwai ba mu ga rana ba. Hanyar Jugu ta yanke. Kaɗanyar da na sha wahalar tarawa ta ƙi bushewa, ta yi funfuna ta yi baƙi. Itace ya jiƙe, in na hura wuta hayaƙi kawai ke tashi. Rufin ciyawa ya fara yoyo, muka jera kwanuka a ƙasa. Rubutun da ke bangon ɗakin girki ya zubo baƙi-baƙi, daga baya gefen bangon ma ya zauna. Bashiru na zazzaɓi, yana tsotso ba ya samun komai, yana cizo na.

A rana ta shida, tun jiya ba abin da ya shiga cikinmu sai romon tafasa da ɗan gari a ciki. Duk da haka na ce a yi karatu. A lokacin duk yinin da ya wuce ji nake kamar an yanke mini wani abu a jiki. Muka zauna a lungun da ba ya yoyo. Na rubuta ba a rabin allon da ɗan gawayin da ya rage a bushe. Ta ce, "Ma." Na goge na sake. Na kama haɓarta na juyo da fuskarta ta kalli bakina. Ta ce, "Ma." Idonta na kan tukunyar da ke kife. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta dafe kuncinta, ta dube ni sosai. Kalmomin suka fito a karkace, amma na gane kowace ɗaya.

"Inna, ni ma ina so. Na manta yadda sautinsu yake."

Nna ta miƙo hannu ta jawo ta jikinta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Wannan ce doguwar magana ta ƙarshe da na ji daga bakin Ladi.

Ruwa ya ɗauke. Bayan mako biyu dattijon da ya ba mu gona ya aiko da sabuwar doya, tamu ma ta biyo baya, masara ta nuna. Aka daka sakwara a kowane gida, turame na amsa juna har bakin rafi. Ladi ta ci ta ƙoshi, kumatunta suka fara dawowa. Amma in ta ga na ɗauko allon, sai ta miƙe ta ɗauki tsintsiya, ko ta goya Bashiru, ko ta tafi ɗebo itace. Ba ta taɓa ƙi da fushi ba, aiki kawai take nema. Na yi ta gwadawa har aka yanke dawa, sannan na bari. Littafin gara ta cinye shi a ƙasan akwati.

Shekara biyu muka ƙara a Kolokonde, kafin wani ɗan'uwan Malam ya ba shi wuri a rumfarsa ta hatsi a nan Paraku. Nna ta rasu a Jugu, Malam ya rasu a nan. Ladi tana tare da ni. Tana soya doya da ƙosai a ƙofar gida, ba wanda ke cutarta a canji, kuma duk layin an san hannunta. Magana da baki ta bar ta tun kafin ta kai shekara goma. Da hannu muke yi, alamun da muka ƙirƙira mu biyu a tsakar gida, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya koya mana.

Yanzu akwai samari da 'yan mata kurame a garin nan da suka yi makaranta. Sukan zo sayen ƙosai, hannayensu na gudu, suna rubuta wa juna saƙo a waya suna dariya. Sun gwada yi wa Ladi magana. Ba ta gane tasu ba, ba su gane tata ba. Takan ƙara musu gyara, ta bi su da kallo har su sha kwana. 'Yar Bashiru kuma, mai shekara biyar, tana da littattafai masu launi cike da jaka, da waya mai faɗa mata sunan kowane baƙi in ta taɓa.

Ranar Juma'ar da ta wuce Bashiru ya biyo bayan masallaci. Zafi ya hana mu zama a ɗaki, muka shimfiɗa tabarma a inuwar bango. Na gaya masa abin da ke hana ni sukuni: jinina yana hawa, ƙafata tana kumbura, kuma ba wanda ya san maganar yayarsa sai ni.

Ya ce, "Inna, ki daina irin wannan zancen. Yaya Ladi tana da mu. Tare fa muka tashi, ina gane ta."

Muna cikin haka ta shigo daga wurin suya tana goge hannu a zane. Ta gaishe shi da kai, ta juyo gare ni. Ta ɗora yatsa a ƙasan idonta na dama, ta wuce da tafin hannu a hankali ta gaban fuskarta, ta nuna sama ta lanƙwasa yatsa, ta ɗaga biyu.

Na ce, "To, me yayarka ta ce?"

Ya yi murmushi. "Hayaƙin suya ne ya shiga mata ido. Ko ba haka ba?" Ya kaɗa mata hannu alamar sannu, ita ma ta yi masa murmushi ta koma wurin kaskonta.

Abin da ta ce shi ne, wata biyu ke nan idonta na dama yana ganin hazo, ko da wuta ko babu.

Ban gyara masa ba a gabanta. Ranar Litinin zan kai ta a duba idon. Zan tsaya tsakaninta da likita in faɗi abin da take faɗa, kamar yadda na saba, muddin ƙafata tana kai ni.